Mece Ce Layya? Bayanin Babbar Sallah Domin Yara

Layya ita ce dabbar da Musulmi yake yankawa a ranar Babbar Sallah don neman kusanci da Allah. Saboda ita ne ake kiran wannan sallah Sallar Layya. Ba kowane yanka ba ne layya. Ragon suna daban ne, kazar da aka yanka wa baƙo daban ce. Layya tana da ranarta, da irin dabbarta, da lokacin da ake sa wuƙa, kuma idan aka kuskure ɗaya daga ciki, sai ta zama nama kawai.

Ranar ita ce 10 ga watan Zul-Hajji, watan ƙarshe a shekarar Musulunci. Kwana ɗaya kafin nan, wato ranar 9, alhazai suna tsaye a filin Arfa kusa da Makka, mu kuma da ke gida ana so mu yi azumi. Wataƙila kun lura cewa wata shekarar sallah takan zo da damina, wata kuma da sanyin hunturu. Dalili shi ne ana lissafinta da wata, shekarar wata kuwa kwana 354 ce ko 355, ta gaza shekarar rana da wajen kwana 11. Shi ya sa kowace shekara sallah take matsowa kaɗan.

Asalin layya yana komawa ga Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ya daɗe bai samu haihuwa ba, sai da ya manyanta Allah ya ba shi ɗa, Annabi Isma'il. Da yaron ya tasa har ya isa taya mahaifinsa aiki, sai Annabi Ibrahim ya gani a mafarki yana yanka shi, mafarkin annabawa kuwa wahayi ne. Bai ɓoye wa yaron ba. Ya kira shi ya gaya masa, ya kuma tambaye shi abin da ya gani. Yaron ya ce wa babansa ya aikata abin da aka umarce shi, in Allah ya so zai same shi cikin masu haƙuri. Da suka miƙa wuya su biyun, uban ya kwantar da ɗan, sai Allah ya kira shi ya sanar da shi cewa ya gaskata mafarkin, ya fanshi yaron da abin yanka mai girma, wanda malaman tafsiri suka ce rago ne. Labarin yana cikin Suratus Saffat, daga aya ta 102 zuwa ta 107. Yara, ku riƙe wannan da kyau: Allah bai nufi a zubar da jinin yaron ba, jarrabawa ce, kuma uba da ɗa duk sun ci ta.

Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya raya mana wannan sunna a Madina, a shekara ta 2 bayan hijira. Sahabinsa Anas ya ba da labarin cewa ya yi layya da raguna biyu masu ƙaho, farare da ratsin baƙi, ya yanka su da hannunsa. Layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali. Gidan da babu hali babu laifi a kansu, don haka kada yaro ya yi wa ɗan'uwansa gori wai bana ba a yanka a gidansu ba.

Dabbobi iri huɗu kaɗai ake layya da su: tumaki, awaki, shanu da raƙuma, mace ko namiji. Kaza, zabo da talotalo ba sa shiga, komai ƙibarsu. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suka tashi a kanta, rago ne kan gaba a falala. Ana so rago ya cika shekara 1, akuya ta cika shekara 1 ta shiga ta biyu sosai, saniya ta cika shekara 3, raƙumi kuma 5. Wasu malaman sun sauƙaƙa a kan rago mai wata 6 idan ya girma, sun kuma yarda mutum 7 su haɗa kuɗi su sayi sa ɗaya, abin da Malikiyya ba su yarda da shi ba. Idan kun ga baba ya buɗe bakin rago a kasuwa, shekarunsa yake dubawa, domin bayan shekara ɗaya rago yakan fara zubar da ƙananan haƙoransa biyu na gaba, manya masu faɗi su fito.

Ba haƙori kaɗai ake dubawa ba. Akwai aibi huɗu da hadisi ya ce suna hana layya: ido ɗaya da ya mutu a fili, ciwo bayyananne, gurguntaka bayyananniya, da rama mai tsanani wadda har ƙashi ba ya da ɓargo. Shi ya sa mai saye yake kora ragon ya ga tafiyarsa, ya duba ido da hanci ko akwai majina, ya shafa bayansa ya ji ko nama ne ko gashi ne kawai. Dabbar da aka yanke mata fiye da kashi ɗaya cikin uku na kunne ita ma ba ta yi. Balami, babban farin ragon nan, da Uda mai rabin jiki baƙi ko ja rabi fari, da 'yar ƙasa, duk suna isarwa muddin lafiyarsu ƙalau.

Daga ranar da rago ya shigo gida, kula da shi yakan koma hannun yara, kuma nan ne ake yawan yin ɓarna ba da gangan ba. Don ƙauna, sai yaro ya cika masa kwano da tsabar masara ko ragowar tuwo. Cikin rago bai saba da wannan ba. Hatsi mai yawa a lokaci guda yakan yi tsami a tumbinsa, ciki ya kumbura, ya kama zawo, wani lokaci ma ya mutu kafin sallah. Ku ba shi harawa ko ciyawa, da dusa kaɗan, da ruwa mai tsabta safe da yamma. A ɗaure shi a inuwa da igiyar da ba za ta shaƙe shi ba, a kwashe duk wata leda daga kusa da turke, don yana haɗiye ta. Kada a hau shi, kada a haɗa shi karo da ragon maƙwabta. Ƙafa ta karye ko ƙaho ya fashe yana jini, an jawo wa baba asara.

Ranar jajiberi, wato ana gobe sallah, mata suna kitso da ƙunshi, ana share gida, ana karɓo ɗinki daga wajen tela. Ranar sallah da safe a yi wanka, a sa kaya masu kyau, a nufi filin idi ana kabbara. A Ƙaramar Sallah ana so a ci wani abu kafin a fita. A Babbar Sallah kuwa an fi so a jira sai an dawo a fara da naman layya. Sallar idi raka'a 2 ce, babu kiran sallah babu iƙama. A Malikiyya kabbara 7 ake yi a raka'ar farko har da ta harama, 6 a ta biyu har da ta miƙewa. Bayan sallama liman ya yi huɗuba, kuma ana so a koma gida ta wata hanyar daban.

Sai an idar da sallah, liman ya yanka nasa, sannan kowa ya yanka. Wanda ya riga, naman miya ya samu, sai ya sake wata dabbar. Hakan ta faru da wani sahabi, Abu Burda, wanda ya yanka kafin sallah, Annabi ya ce masa akuyarsa ta nama ce. Wanda bai samu dama ranar sallah ba yana da ranar 11 da ta 12, da rana.

Yankan aikin manya ne. Ana wasa wuƙa tun da wuri, ba a gaban dabbar ba, kuma ba a yanka wata a kan idon 'yar'uwarta. A kwantar da ita a gefen hagu, a fuskantar da ita alƙibla, a ce Bismillahi Allahu Akbar, a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗaga hannu ba. Wuƙa mai dakushi tana wahalar da dabba, addini kuwa ya hana haka. A haƙa ɗan rami don jini, a binne. Ba a fara fiɗa sai ta daina motsi sarai.

Wajen fiɗa, abin da aka fi kiyayewa shi ne matsarmama, wata 'yar jaka mai ruwa kore da ke manne da hanta. In ta fashe, duk naman da ruwanta ya taɓa zai yi ɗaci. Haka tumbi da hanji, a fitar da su gefe a wanke, kada ƙazantarsu ta zuba a kan tsoka. Kayan ciki ne suke saurin lalacewa, shi ya sa ake fara dafa su ranar farko, a babbake kai da ƙafa. Gangar jikin kuwa a gidaje da yawa a rataye ta a wuri mai iska ta kwana ta tsane, washegari a yayyanka. Nama mai ɗumi da aka tara a roba aka rufe yakan yi wari cikin 'yan awoyi. Suya ma sai ta yi ƙarau, ruwan naman ya ƙone ƙaf, sannan zai yi makonni bai yi fumfuna ba. A Yamai da wasu garuruwan Nijar, inda ake ce wa sallar Tabaski, akan baje ragon gaba ɗaya a jikin sanduna a jera a gefen wuta ya gasu a hankali.

Naman ana ci, ana kyauta, ana sadaka. Da yawa suna kasa shi uku, na gida, na 'yan'uwa da maƙwabta, da na mabuƙata, amma ba dole ba ne sai an auna. Abin da aka hana shi ne sayar da naman ko fatar, ko biyan mai fiɗa ladansa da su. A biya shi da kuɗi. Kai rabon gida-gida kuwa ku ake aika. Ku rufe kwanon, ku yi sallama, ku gaishe da mutan gida da barka da sallah. In an ba ku goron sallah ku karɓa da hannu biyu ku yi godiya, in ba a bayar ba ku juyo da fara'arku.

A garuruwan sarauta kamar Kano, Katsina, Zazzau da Daura, akwai hawan sallah, inda sarki da hakimansa suke fitowa a kan dawakai da ado, da kakaki da tambari. A Kano ana danganta farkon hawan da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma a shekarar 2024 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun duniya da ake tattali. Wannan al'adar ƙasa ce, ba ta cikin sharuɗɗan layya. Wanda zai je kallo ya je da babba, ya riƙe hannunsa, ya kuma tsaya nesa da bayan doki.