Allurar sumatriptan: me ya sa ba a wuce biyu a cikin awa 24?

Wanda ya taɓa ganin mai ciwon ɓarin kai a kwance cikin ɗaki mai duhu, ya ɗaure kai da ɗankwali, ko motsin ƙofa ba ya son ji, ya san abin da ke sa mutum ya rungumi duk maganin da ya ba shi sauƙi. Sumatriptan, da ake sayarwa da sunan Imigran ko Imitrex, irin wannan magani ne. Kamfanin Glaxo ne ya fito da shi a farkon shekarun 1990, kuma allurarsa kan fara aiki cikin minti 10 zuwa 15. Ana ba da ita ga masu ciwon ɓarin kai, da masu ciwon kulasta, wato wanda ke caka gefen ido ɗaya, ido ya yi ja yana hawaye, hanci ya toshe, ya yi ta dawowa kullum har tsawon makonni.

Ba a ba da allurar sai da takardar likita, kuma dalilin yana cikin yadda take aiki. Tana tsuke jijiyoyin jinin da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, sai dai ba a kai kaɗai take tsayawa ba, tana iya tsuke na zuciya ma. Shi ya sa aka haramta ta ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko toshewar jijiyoyin ƙafa, da mai hawan jinin da bai daidaita ba, da mai ciwon hanta mai tsanani. Saboda haka kada ka ba ɗan'uwanka taka don tausayi, ko da ciwonku iri ɗaya ne, domin ba ka san halin da zuciyarsa take ciki ba.

Ƙa'idar adadi ita ce wadda ta fi wuyar kiyayewa. Allura ɗaya yawanci miligiram 6 ce, ana yin ta a ƙarƙashin fata, a gefen cinya ko damtse, ba a jijiya ba ko kusa. Idan ciwon ya lafa sannan ya dawo, ana iya yin ta biyu, amma sai an cika aƙalla awa ɗaya. Daga nan ƙofa ta rufe: miligiram 12 ne iyaka a cikin awa 24, saboda wannan haɗari na tsuke jijiyoyin zuciya. Idan kuwa ta farko ba ta yi komai ba, ta biyu ba ta halatta ga wannan tashin ciwon, likita za a koma wa.

Ina jin wa masu kulasta wannan ƙa'ida ƙwarai, domin ciwon na iya taso musu sau uku ko fiye a yini, allura kuwa biyu ce. Mutum na safa da marwa a tsakar dare, ya dafe ido, ga ta uku a cikin akwati tana kallonsa. Mafita a nan ita ce a tsara da likita tun kafin lokacin ciwon ya zo, domin akwai shaƙar iskar oksijin mai ƙarfi da ke kashe tashin kulasta, akwai kuma magungunan rigakafi irin su verapamil. Ita sumatriptan ba rigakafi ba ce, sai ciwo ya fara ake yin ta.

Kafin a yi allurar, a tabbata awa 24 ta wuce da shan ergotamine (wani maganin ciwon ɓarin kai) ko wani magani ɗan gidan triptan, wato dangin sumatriptan. Mai shan maganin ciwon damuwa ya faɗa wa likita sunan maganin: da rukunin da ake kira MAOI ba a haɗa ta sam, har sai an yi mako 2 da dainawa, rukunin SSRI kuwa yana buƙatar sa ido. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma su yi bayani. Kuma a riƙa rubuta ranakun da aka yi amfani da ita, domin wanda ke kai kwana 10 ko fiye a wata, maganin da kansa na iya zame masa sanadin ciwon kai.

Jin ɗumi, da jiri, da nauyi a wuya ko ƙirji na ɗan lokaci bayan allura abu ne sananne. Amma idan ƙirji ya riƙe da zafi bai saki ba, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska da leɓe suka kumbura, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take, a tafi da kwalin maganin, kuma kada a sake yin wata allurar sai likita ya duba.