Kyauta da Sadakar Sallah a Sakkwato

Kyauta da sadakar Sallah su ne abubuwan da Musulmi ke fitarwa, ko suke ba juna, a ƙarshen watan Azumi da kuma kwanakin layya. A Sakkwato malamai kan bambanta abin da shari'a ta ɗora wa mutum, wato zakkar fidda kai, da abin da ta kwaɗaitar a kansa, kamar layya da ciyarwa daga namanta, da kuma abin da al'ada ta kawo, irin su goron Sallah, kayan Sallah da tuwon da maƙwabta ke aika wa juna. Fiƙihun da garin ya gada na Malikiyya ne. Daga fadar Sarkin Musulmi ake sanar da ganin wata, don haka sanarwar da ke fita daga Sakkwato ita ke tsayar da ranar fitar da waɗannan abubuwa ga yawancin Musulmin Najeriya.

Tarihi

Tun kafin jihadin 1804 ana bikin Sallah a fadojin sarakunan Hausa, kuma dukiya kan yi hawa da sauka a lokacin. Sarki ya raba riguna da dawaki ga hakimai da malamai, talakawa kuma su kai gaisuwa ga na sama da su. Matsalar ita ce sashen wannan gaisuwa ya rikiɗe ya zama dole. A cikin Kitabul Farƙi, wanda ake jingina wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) kuma ake kyautata zaton an rubuta shi bayan fara jihadi, an lissafa kuɗaɗen da sarakunan lokacin ke ɗora wa jama'a ba da hujjar shari'a ba, cikinsu har da jangali da kuɗin gari da kuɗin Sallah. Littafin ya kuma soki yadda mai ƙara kan riga abokin shari'arsa kai wa masu iko kuɗi, ta yadda ba za a saurari na biyun ba sai ya ba da fiye da haka.

Wannan suka tana da tushe a hadisi. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya yi huɗuba a kan haka, yana tambayar me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar. Daga nan malamai suka fitar da ƙa'idar cewa abin da aka ba ma'aikaci ko alƙali saboda kujerarsa ba halalinsa ba ne, ko da an kira shi barka da Sallah.

Bayan da Muhammadu Bello ya kafa Sakkwato wajen 1809, an yi ƙoƙarin mayar da zakka hannun hukuma, ana tara ta a baitulmali, akwai kuma Sa'i mai karɓar ta dabbobi. Sai dai gaisuwa ba ta ɓace ba. A tsawon ƙarni na 19 sarakunan Kano, Katsina, Zazzau, Bauchi da sauran masarautun gabas sun riƙa aiko wa Sarkin Musulmi dawaki, tufafi, kuɗin wuri da bayi, galibi ta hannun Waziri. Masana tarihi sun saɓa kan ko haraji ne ko kyautar mubaya'a. Abin da ba a musu a kansa shi ne cewa kaso mai yawa na abin da ya shigo fada kan sake fita zuwa malamai, baƙi, gajiyayyu da mazauna ribaɗoɗi, wato garuruwan tsaro, irin su Wurno, domin a wancan zamani ana auna girman basarake da yawan bakunan da yake ciyarwa.

Goro shi ne kyautar da ta fi yawo a tsakanin jama'a. Fatake ke ɗauko shi daga kasuwannin Gwanja, tafiyar watanni, shi ya sa ƙwarya ɗaya ta goro, wato ƙwaya ɗari, take da daraja a wajen aure da suna da Sallah. Bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 kuɗin wuri ya riƙa ja da baya, sulalla suka maye gurbinsa, sannan naira ta zo a 1973. A hankali kuɗi suka karɓe matsayin goro a hannun yara masu yawon Sallah.

Zakkar fidda kai

An shar'anta ta a shekara ta 2 bayan Hijira. Magidanci ne ke fitar wa kansa da duk wanda ciyar da shi ke wuyansa, har jaririn da aka haifa kafin lokacin wajabcinta. Ma'auninta sa'i ɗaya ga kowane mutum, wato mudu huɗu da mudun Annabi, daga abincin da mutanen gari suka fi ci. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Sakkwato, ta ambaci gero da dawa da shinkafa a cikin abubuwan da ake fitarwa. Gero ne ya daɗe yana kan gaba a yankin, ko da yake shinkafar fadamun Rima ta samu wuri a gidajen birni.

Lokacin da aka fi so shi ne bayan ketowar alfijir kafin a tafi Idi, amma an yarda a gabatar da ita da kwana ɗaya ko biyu. A gidaje da dama daren Sallah ake shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a zuba hatsi, maigida ya riƙa aunawa yana kiran sunan kowa, daga uwargida har autan gida, don kada a tsallake wani. Yara ne ke ɗauka a kwano su kai wa gwauruwar da ke lungu, ko tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, ko malamin makarantar allo idan mabuƙaci ne. Tunda shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, Sallah kan zagaya yanayi. Idan ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon gero bai nuna ba, mudu huɗu kan zama abincin kwanaki ga wanda aka ba.

Bayar da kuɗi maimakon hatsi: Hanafiyya sun halatta, mashahurin zancen Malikiyya bai yarda ba. Ana samun masu bin kowane ɓangare a garin.

Naman layya

Ana yanka daga 10 ga Zulhajji zuwa 12 ga wata, bayan liman ya yanka nasa. Malikiyya sun fifita rago, kuma uda da balami ne ake rububi a Kasuwar Kara da kasuwannin Achida da Illela idan Sallah ta ƙarato. Ayoyi na 28 da 36 na Suratul Hajji sun yi umarni a ci a kuma ciyar. Raba nama kashi uku ya shahara a bakin jama'a, amma mazhabar ba ta ƙayyade kaso ba. Abin da ta hana shi ne sayar da nama ko fata, da biyan mahauci ladansa daga jikin dabbar.

Sakkwatawa suna da tasu hanya da ake kira tareni. Bayan an feɗe rago an fitar da kayan ciki, sai a baje shi a jikin sanduna, a kafa su kewaye da wutar itace a ƙofar gida, maƙwabta kan haɗa ragunansu a wuta ɗaya. Zafi da hayaƙi ne ke tsane naman tsawon yini, matasa na juya shi. Ranar farko kayan ciki ake ci. Washegari ake sassara nama a shiga rabo, cinya ta tafi gidan surukai, wani yanki ga iyaye da malami, sauran a ƙulla wa maƙwabtan da ba su samu ikon yanka ba. Naman da ya sha wuta haka yana jure zafin garin ba tare da firji ba, wanda shi ne babban amfaninsa ga mai karɓa.

Fatun kuwa yawanci ƙungiyoyin addini da masallatai ake ba, su sayar su yi hidimar makarantu.

Kyautar al'ada

Ɗinkin Sallah nauyi ne a kan maigida, kuma masu hali kan haɗa da marayun dangi. Saurayi kan kai wa budurwarsa kayan Sallah. Mata na aika tuwo da miya gida-gida, kuma abin kunya ne a mayar da kwano wayam. Yara kan bi dangi suna cewa "Barka da Sallah, Kawu," ko "Gwaggo, mun zo yawon Sallah," a sa musu albarka a miƙa sababbin takardun naira. A yau wasu ta waya suke tura kuɗin.

Hukuma da halin yanzu

Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a a 2000, kuma kwamitin zakka da ake da shi ya zama Hukumar Zakka da Waƙafi wajen 2016. Tana rabon abinci da tufafi ga marayu da mabuƙata a gundumomi. A 'yan shekarun nan masu karɓa sun ƙaru da mutanen da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu a yankunan Isa, Sabon Birni da Rabah.

Saɓani

Masu wa'azi kan soki buhunan shinkafa masu ɗauke da hoton ɗan siyasa, da ɗaukar hoton mabuƙaci ana sawa a Facebook, suna kafa hujja da aya ta 264 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Masu kare bayyanawa suna nuna aya ta 271, wadda ta yaba bayyana sadaka duk da ta fifita ɓoyewa. Kan ba wanda ba Musulmi ba naman layya, akwai zancen karhanci a Malikiyya, wasu malamai kuma sun halatta, musamman ga maƙwabci. Kiristocin da ke zaune a garin su ma kan aika wa maƙwabtansu Musulmi abinci a lokacin Kirsimeti.