Ƙwallon Amurka: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Duk shekara da zarar Fabrairu ta kama aka fara zancen Super Bowl, wasan ƙarshe na cin kofin ƙwallon Amurka, sai tambayoyi su yi ta zuwa, kuma na bara su ne dai na bana. Ga amsoshinsu wuri guda. A karanta da natsuwa, domin wasan nan bai kai wuyar da ake ɗora masa ba.

Ba ragbi ba ce?

A'a. Daga ragbi ya samo asali, amma sun raba gari tun ƙarni na 19. A ragbi ba a jefa ƙwallo gaba, a nan kuwa an halatta hakan tun 1906.

Me ya sa suke ce masa ƙwallon ƙafa alhali da hannu ake yi?

Haka masu shi suka sa masa. Mu wuce.

Mutum nawa ne a fili?

Kowane ɓangare 11. Cincirindon da kake gani a bakin fili kuwa, kowace ƙungiya a NFL, babbar gasar wasan a Amurka, tana da 'yan wasa 53: akwai masu kai hari, akwai masu tsaro, akwai waɗanda ba sa shigowa sai lokacin bugu da ƙafa. Canji ba shi da iyaka.

To wai mene ne ake ƙoƙarin yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita, amma kullum sai a ƙarshe ake yin ta. Tsawon fili yadi 100 ne, yadin nan dai da ake auna atamfa da shi. A kowane ƙarshe akwai wani gida mai yadi 10. Aikin masu hari su kai ƙwallo gidan abokan hamayya, ko a guje da ita a hannu, ko a jefa wa wani ya cafe.

Ana ba su dama 4 su ci yadi 10. Kowace dama ita masu sharhi ke kira dawun. Idan suka ci yadi 10, sai a sabunta musu wasu 4. Idan suka kasa, ƙwallo ta koma hannun ɗaya ɓangaren a daidai inda aka tsaya. Don Allah ku riƙe wannan. Na ga masu haddace sunayen 'yan wasa da lambobin rigunansu, amma ka tambaye su me ya sa aka miƙa ƙwallo ga wancan ɓangaren sai su yi shiru. Wanda ya gane dama 4 da yadi 10 ya gane wasan, sauran duk a hankali za su zo.

Yaya ake ƙirga maki?

Kai ƙwallo gida, wato tacdawun, maki 6. Bayansa a zaɓa: a buga da ƙafa ta tsakanin sanduna a ƙara 1, ko a sake gwada shiga gida daga yadi 2 a ƙara 2. Bugun sanduna a tsakiyar wasa, fil gol, maki 3. Idan masu tsaro suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidan ƙungiyarsa, sefti ke nan, su ma su sami 2.

Layin nan mai ruwan ɗorawa da ke yawo a fili fa?

Ba a fili yake ba, masu talabijin ne ke zana shi da kwamfuta tun 1998, 'yan wasa ba sa ganinsa. Shi ne inda yadi 10 ɗin suka cika. Idan kuma ka ga an rubuta 3rd & 7 a ƙasan allo, nufinsa dama ta uku ce, saura yadi 7. Kada ka ji kunya, kusan kowa ya taɓa zaton fenti ne.

Me ya sa ba sa minti ɗaya ba su tsaya ba? Wannan ai wasan hutu ne.

Wannan magana ta ishe ni. Tsayawar ba hutu ba ce. Da an kayar da mai ƙwallo, ana ba masu hari daƙiƙa 40 su sake farawa. A cikinsu koci zai aiko da dabara, a haɗa kai a isar da ita, a jeru, sannan jagoran hari ya dubi yadda masu tsaro suka tsaya, wani lokaci ya soke dabarar nan take ya kira wata da baki. Lokacin nan ne ya kamata ka buɗe ido, ba ka duƙa kan waya ba. Gaskiya ne wasan minti 60 ne, kashi 4 na minti 15, amma yakan ci kusan awa 3, kuma tallace-tallace na da nasu laifin. Wannan ban musa ba.

Wane ne kwatabak?

Jagoran hari. Shi ake miƙo wa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a farkon kowace dama, ya jefa ko ya danƙa wa mai gudu. Jifa gaba sau ɗaya tak ake yi a kowace dama, kuma daga bayan layin da aka fara. Idan aka kayar da shi kafin ya jefa, sak ke nan. Idan mai tsaro ya cafe jifarsa, ko ƙwallo ta suɓuce wa mai riƙe da ita abokan hamayya suka danne ta, hari ya koma hannunsu.

An kai dama ta huɗu, saura yadi 1 ko 2. Su gwada ko su buga ta su huta?

Yauwa. Wannan ce tambayar wanda ya fara kallon wasa da gaske, kuma duk wanda ya ba ka amsa da kalma ɗaya, kada ka yarda da shi.

Hanyoyi uku ne. Ko su gwada cin yadin da ya rage. Ko su yi bugun sallama, wanda ake kira fant, su cilla ƙwallon nesa, yawanci yadi 40 da wani abu, don abokan hamayya su faro daga can baya. Ko kuma idan sun matso, su nemi maki 3 ta sanduna. A nan akwai lissafin da mutane ke mantawa: sandunan a bayan gida suke, mai bugu kuma yana ja baya, saboda haka sai ka ƙara yadi 17 ko 18 a kan inda ƙwallo take. Daga layin yadi 35, bugun ya haura yadi 50 ke nan, kuma idan ya ɓarar, abokan hamayya za su karɓa daga wurin da aka buga. Ba kyauta ba ce.

To wanne za a ɗauka? Ya danganta da inda ake a fili, da yawan makin da ke tsakani, da lokacin da ya rage, da iska da ruwan sama, da ƙarfin manyan ƙartin da ke gaba, har da wanda za ka miƙa wa ƙwallon idan ka sallama. A Nuwamba 2009, New England Patriots na gaban Indianapolis Colts da 34 da 28, saura minti 2 da 'yan daƙiƙu, dama ta huɗu, saura yadi 2, a layinsu na yadi 28. Kusan kowane koci fant zai yi. Kocin Patriots, Bill Belichick, ya ƙi, don ba ya son ƙwallo ta koma hannun kwatabak ɗin Colts, Peyton Manning. Kwatabak ɗin Patriots, Tom Brady, ya jefa wa Kevin Faulk, aka tare shi dab da layi, Colts suka karɓa suka ci wasan 35 da 34. An yi ta caccakar Belichick, amma masu lissafi da yawa sun ce shawararsa ba ta wauta ba ce, sakamakon ne bai zo ba.

Sai kuma Super Bowl na Fabrairu 2018 a Minneapolis. Philadelphia Eagles na da dama ta huɗu a yadi 1 daga gida, dab da tafiya hutun rabin lokaci. Maki 3 na nan a hannu. Kocinsu Doug Pederson ya bar su, aka yi wata dabara da ta ƙare da kwatabak Nick Foles shi ne ya cafe ƙwallo a gida. Suka doke Patriots 41 da 33, kofinsu na farko. Da ta ɓaci, da irin zagin da Belichick ya sha shi ma zai sha.

Ni dai ga inda na karkata, kuma ban ce dole kowa ya bi ni ba. Idan saura yadi 1 kuma an wuce tsakiyar fili, gwadawa ta fi. Wani masanin tattalin arziki a jami'ar Berkeley, David Romer, ya nuna tun 2006 cewa kociyoyi na saurin sallamawa fiye da kima, kuma yanzu ƙungiyoyi sun fi da yawan gwadawa. Amma idan kana kusa da gidanka, kana kan gaba, tsaronka na da kyau, na abokan hamayya kuma hari ya ƙi musu tun farkon wasa, ban ga dalilin kasada ba. Tsakanin waɗannan biyun akwai wurare da dama da ni ma sai in ce ko wannan ko wancan. Abin da nake roƙo kawai, kada ka yanke wa koci hukunci da abin da ya faru bayan ya zaɓa. Ka dubi abin da ya sani a lokacin da yake zaɓen.

Wane ƙyalle ne alƙali ke jefarwa?

Alamar laifi ce. Hukuncin da yadi ake yin sa: mai hari ya motsa kafin a fara, a mayar da su baya yadi 5, ya riƙe abokin hamayya, yadi 10, mugunta, yadi 15. Wanda aka yi wa laifin yana iya cewa ya yafe idan hakan ya fi masa.

Yara sun ce za su gwada a filin unguwa. A bar su?

Da karo da kayarwa, babu kwalkwali babu kariyar kafaɗa? Kul! Ko masu kwalkwalin ba su tsira ba. Wani likita ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasan Pittsburgh Steelers Mike Webster bayan rasuwarsa a 2002, ya gano lahanin da yawan buguwar kai ke yi, ya buga sakamakon a 2005. Kada ku yi wasa da kan yaro. Idan suna so, akwai nau'in da ba a karo: kowa ya ɗaura ƙyalle a ƙugu, fizge ƙyallen shi ne kayarwa. Mutum biyar-biyar sun isa, kuma ba wasan raini ba ne, za a buga shi a gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles.

Wace ƙungiya zan goya wa baya?

Su 32 ne. Ka kalli wasa uku ko huɗu tukuna, zuciyarka za ta zaɓa.

Yaushe ake bugawa?

Daga Satumba zuwa farkon Janairu, kowace ƙungiya wasa 17, sannan 14 su shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Wasannin farko na ranar Lahadi suna kamawa ƙarfe 6 na yamma agogon Najeriya da Nijar, daga Nuwamba kuma ƙarfe 7. Da su za ka fara koyo. Super Bowl kuwa sai wajen 12:30 na dare, wayewar Litinin, don haka mai fita aiki da safe ya yi barcinsa tun da yamma.