Seborik keratosis a kunne

Seborik keratosis wani tsiro ne da ke fitowa a saman fatar mutum, galibi bayan ya haura shekara 50. Ba ciwon daji (kansa) ba ne, ba ya yaɗuwa cikin jiki, kuma ba a ɗaukarsa daga wani. Launinsa ruwan ƙasa ne ko baƙi, samansa da kaushi ko maiƙo, sai ka ce ɗigon kakin zuma aka manna a fata. Wasu kan ɗauke shi tusar jaki, amma ita ƙwayar cuta ke kawo ta. Ba ya fitowa a tafin hannu ko tafin ƙafa.

A kunne ya fi fitowa a gefen ɓawon kunne da bayansa. Da wuya ya tsiro cikin ramin kunne. Idan ya tsiro can, yakan toshe hanya, datti ya taru, ji ya ragu. Tunda kunne na shan rana, kansar fata ma tana yawan fitowa a wurin, shi ya sa likitoci kan duba da madubi na musamman, ko su yanki ɗan guntu a kai ɗakin gwaji, musamman idan tsiron na jini ko ya sauya kama.

Tsufa da gado ne manyan dalilai. Rawar hasken rana kuwa, masana sun saɓa a kai. Wajen shekarar 2005 aka gano sauyi a ƙwayar halittar FGFR3 cikin waɗannan tsirrai.

A 1925 likitan Italiya Aldo Castellani ya bayyana wani nau'insa mai ƙananan ɗigo baƙaƙe a kumatu da wuya, wanda ya fi yawa ga baƙar fata. Ana kiransa dermatosis papulosa nigra. Akwai kuma alamar Leser-Trélat, mai ɗauke da sunan Edmund Leser na Jamus da Ulysse Trélat na Faransa, likitocin tiyata na ƙarni na 19: tsirran su fito da yawa farat ɗaya tare da kansar cikin jiki, musamman ta tumbi. Har yau ana jayayya kan ingancinta.

Ba dole ba ne a cire shi, sai in yana ƙaiƙayi ko hular mutum da tabarau na gogarsa. Ana kankarewa, ko a ƙona da lantarki, ko a daskarar da ruwan naitirojin, wanda kan bar farin tabo a baƙar fata.