Garkuwar jiki da daskarewar jini a cutar bairas

Daskarewar jini ba tsayar da jinin rauni kaɗai take yi ba, tana cikin makaman garkuwar jiki. Idan ƙwayar cuta ta shiga jini, jiki kan ɗaure ta da ƙananan gudaje don kada ta bazu. Ɓarnar tana zuwa ne idan kariyar ta wuce gona da iri.

Bairas irin na korona yana raunata shimfiɗar cikin jijiyoyi, wadda santsinta ke hana jini kamawa. Sai fararen ƙwayoyin jini su saki sinadaran kiran gayya, wato saitokin. Waɗanda ake kira monosait su fito da furotin mai kunna daskarewa, har a samu sinadarin turombin, shi kuma ya saƙa zaren fibirin mai haɗa gudan jini. Aikin nutirofil, wasu fararen ƙwayoyin jinin, ya fi ban mamaki: suna amayar da zaren DNA nasu kamar komar masunci, abin da aka fara bayyanawa a 2004. Komar tana kama ƙwayar cuta, amma tana tare filetilet ma, ƙwayoyin da ke toshe rauni, sai guda ya yi ta girma. Doguwar kwanciya da ƙarancin ruwa a jiki suna ƙara wa wutar mai.

Gudan kan tsaya a jijiyar ƙafa, ko ya ɓalle ya toshe huhu. A ƙwaƙwalwa yakan jawo shanyewar ɓarin jiki.

Irin waɗannan cututtuka sun shiga Gana ma: ƙasar ta tabbatar da korona ranar 12 ga Maris 2020. A 2022 cutar bairas ta Marburg ta ɓulla a yankin Ashanti. Irinta tana sa jini ya daskare ko'ina har sinadaran daskarewa su ƙare, sai mara lafiya ya koma zubar jini. Masu sikila, da suke da yawa a ƙasar, dama jininsu na saurin kamawa, haka ma masu juna biyu.

Likitoci kan yi gwajin D-dimer, mai nuna alamar gudan jini a jiki, da hoton jijiya, su ba da maganin tsinka jini kamar hefarin. Abin damuwa shi ne a gidajenmu na zango, daga Nima ta Accra har Aboabo ta Kumasi, tausa da man zafi ake fara yi wa ƙafar da ta kumbura. Idan ƙafa ɗaya ce ta kumbura bayan zazzaɓi, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, asibiti ake nufa nan take, domin tausa na iya ɓalle gudan ya nufi huhu.