A bar ta ta taka: motsa jiki ga mai sankarar mama da ta yi nisa

A gidajenmu na Kano, da zarar an ce sankarar mama ta yi wa mace nisa, sai a shimfiɗa mata katifa a ƙuryar ɗaki. Ko buta ta miƙa hannu za ta ɗauka, sai ƙanwa ta yi wuf ta ce, "Haba Yaya, kwanta ki huta." Tausayi ne, ba shakka. Amma mu ma'aikatan lafiya muna ganin abin da doguwar kwanciya ke jawowa: naman cinya ya zube, gwiwa ta kasa ɗaukar jiki, ciki ya ɗaure, barcin dare ya ƙaurace. Matar da ke zuwa banɗaki da ƙafarta sai a wayi gari sai an riƙe ta.

Gajiyar sankara daban take da gajiyar aiki, barci ba ya kore ta. Motsa jiki kuwa yana rage ta. An gwada hakan a wani bincike da mujallar Nature Medicine ta wallafa a 2024, kan mutum 357 da ciwon ya bazu musu zuwa wasu sassan jiki, a ƙasashen Turai biyar da Ostareliya. Rabinsu suka yi wata 9 suna atisaye a gaban ƙwararru, da farko sau biyu a mako, awa guda kowane zuwa. Su ne suka fi samun sauƙin gajiya da raɗaɗi da sarƙewar numfashi, suka kuma fi jin daɗin rayuwarsu. A lura, ba a ce ya warkar da sankara ba. Kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, da sauran maganin asibiti suna nan daram.

Ba sai an je gidan motsa jiki ba, tsakar gida ta wadatar. A fara da zagaye na minti 5 zuwa 10 bayan sallar Asuba, kafin rana ta buɗe, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ta zauna a kujera mai tsayi ta miƙe, ta sake zama, sau biyar. Ta ɗaga ƙaramar gorar ruwa ta rabin lita a kowane hannu. Hannun ɓangaren da aka yi wa tiyata kuma ta fuskanci bango ta riƙa hawa da yatsu a hankali. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan tana tafiya tana iya hira, daidai ne; idan magana ta gagara, ta sassauta. Minti 150 a mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke faɗa wurin zuwa ne, ba wurin farawa ba.

Inda nake so a nutsu shi ne batun ƙashi. Wannan ciwo yana yawan sauka a ƙashin baya da na ƙugu, ya sa su rauni. Kafin a fara komai, a tambayi likita kai tsaye: "Ciwon ya taɓa ƙashi?" Idan ya taɓa, ba daka, ba jan guga, ba ɗaukar jarka, ba goyon jika, ko da jikan yana kuka. A nemi likita ya tura ta wurin likitan fisiyo, wato ƙwararren motsa gaɓoɓi, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tsara mata abin da jikinta zai ɗauka.

Ranar da take zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon ƙirji, a dakata a sanar da likita. Idan kuwa sabon ciwon baya ya taso mai tsanani, ko ƙafafu suka yi sanyi suka mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a kai ta asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe.

Kwanakin da suka biyo bayan kemo jiki kan yi nauyi. Ko juya ƙafa da miƙe hannu a kan gado ta yi, ya shiga lissafi. Maigida ko ɗaya daga cikin 'ya'ya ya riƙa takawa tare da ita, a kuma kwashe tabarmi da bokitai daga hanyarta saboda tuntuɓe.