Masu tambayata kan riƙe ƙaramin gidan sinima lokacin bikin fina-finai, ga amsa a waje ɗaya

Jama'a barkanmu da warhaka. Ni dai ƙaramin zauren kallo nake riƙe da shi a nan Kano, ba wani katafaren waje ba ne, amma duk lokacin da aka fara shirin bikin fina-finai, ko babba ne irin KILAF da aka fara a 2018, ko waɗannan ƙananan da ɗalibai da ƙungiyoyi ke haɗawa, tambayoyin da ake turo min ba sa canzawa. Bakina ya gaji da maimaitawa a waya. Ga su nan, duk wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Sai na nemi izini kafin in haska fim a wajena?

Eh. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano tana nan tun 2001, ta tarayya kuma, NFVCB, tun 1993. Je ka yi rajistar wajenka, sannan kowane fim ka tambayi matsayinsa a wajen hukuma kafin ka ɗora shi a allo. "Ai biki ne" ba amsa ba ce, ranar da aka zo rufewa ƙofarka za a garƙame ba ta mai shirya bikin ba.

Ana samun kuɗi sosai a makon bikin ko?

Ba yadda kake zato ba. Zaure yana cika aljihu bai cika ba. Karanta ƙasa.

Mutane sun fi kujeru yawa, in jera benci a kan hanya?

A'a. Wallahi wannan tambayar tana ɓata min rai. A garin nan ne sinimar El-Duniya ta kama da wuta a 1951, mutum sama da 300 suka rasu, tsofaffinmu har yau suna ba da labarin. Kai kuma saboda tikiti goma za ka toshe hanyar da mutane za su bi su fita? Kujera ta ƙare, tikiti ya ƙare, shi ke nan, a ce musu su dawo nuni na gaba. Kuma masu sa kwaɗo a ƙofar baya wai don kar yara su saci shiga, ku ji tsoron Allah, a ajiye mutum a ƙofar, ba kwaɗo ba. Jarkar mai kar ta kwana kusa da janareta, wayoyin wuta kar su bi ta ƙarƙashin kujeru, tukunyar kashe gobara a duba tana aiki, ba ado ba ce a bango.

Wane irin majigi zan saya?

Wanda za ka iya sayen ƙwansa idan ya mutu. Kuma kafin majigi gyara sautinka, mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan dishi-dishi amma ba sa haƙuri da fim ɗin da ba a jin maganar jarumai.

Furodusa ya ce zai kawo fim ɗin ranar da za a haska, ba matsala?

Akwai matsala babba. Manyan sinimomi da DCP suke aiki, wato wani fayil ɗin fim na musamman da na'urorinsu ke karantawa, mu ƙanana laftop ce da wayar HDMI, to idan ya kawo maka abin da na'urarka ba ta karantawa fa? Ya kawo a filasha kwana biyu ko uku kafin ranar, ka kwafa a laftop ɗinka, ka zauna ka kalla daga farko har ƙarshe a kan allon da za a haska, da lasifikokin da za a yi amfani da su. Kar ka tsallaka. A tsakiya ne sauti yake rabuwa da baki, a tsakiya ne fayil yake tsayawa cak. Kuma a kashe WhatsApp da sabunta manhaja a laftop ɗin, kar saƙon wani ya faɗo a allo ana tsaka da kallo.

Masu shirya biki suna son zaurena. In karɓi kuɗin haya ne ko mu raba kuɗin ƙofa?

To wannan ita ce tambayar, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya tak bai taɓa biyan kuɗin dizal da aljihunsa ba. Ya danganta, kuma da abubuwa da yawa ya danganta.

Fara da lissafi. A ce kujerarka 80, a ce tikiti naira 2,000, misali kawai nake yi. Kai a ranka kana ganin 160,000 a nuni ɗaya, rabi naka rabi nasu, ka ce ai kakarka ta yanke saƙa. Amma biki ba haka yake ba. Akwai alƙalan gasa, akwai 'yan jarida, akwai baƙin da suka zo daga wata ƙasa, akwai jarumi da zai shigo da yaransa takwas, akwai wanda aka gayyata don ya buɗe taro shi ma da tawagarsa, duk waɗannan ba mai ciro kwabo kuma ba za ka iya tare su a ƙofa ba. In Allah ya taimake ka rabin zauren ne ya biya, 80,000 ke nan, naka 40,000, kuma janareta tun azahar yake ruri da esi a kunne. In ma wuta kake sha, in layinka Band A ne ka san a watan Afrilun 2024 sai da aka kai kowane yunit naira 225. Sai a tashi taro ana ta yi maka barka zaure ya cika, kai kaɗai ka san abin da ke cikin akwati.

Saboda haka a mafi yawan lokuta ni haya nake ba da shawara, a faɗi kuɗin wuni, a biya aƙalla abin da zai sayi man kwanakin tun kafin a kunna komai. Ba don ana zargin kowa ba. Masu shirya bikin nan da yawa mutanen kirki ne, su ma jira suke wanda ya yi alƙawarin ɗaukar nauyi ya saki kuɗi, wani lokacin sai an gama biki da wata guda, wani lokacin shiru. Kai kuma mai gidan mai ba ya jiran kowa.

Amma fa haya ma ba kullum take yi ba. Idan akwai daren da za a fara haska sabon fim na babban jarumi, wanda ka san layi zai kai titi, ranar ka karɓi hayar wuni kawai ka yi asara, don za a iya yin nuni biyu ko uku a cike. A nan kaso ya fi. A manyan sinimomi yawanci makon farko rabi da rabi ake yi bayan an cire haraji, daga nan kason mai fim ya riƙa raguwa, to kai ma kana iya ɗaukar wannan a matsayin ma'auni, ko da yake su ba su da matsalar 'yan gayya irin taka. Abin da na ga ya fi zama lafiya shi ne a haɗa biyun: wani ƙayyadadden kuɗi da dole a ba ka ko mutum uku ne suka zo, wanda zai rufe mai da ma'aikata, sannan abin da ya haura a raba. Wasu masu shiryawa za su yarda, wasu za su ce ka cika son kuɗi, ba ka kishin masana'anta. Kar wannan ta dame ka, zauren da ya durƙushe ba ya haska fim ɗin kowa baɗi.

Kuma ko wanne kuka zaɓa akwai ƙananan abubuwan da su ne suke haddasa rigima, ba babban kuɗin ba. Kujera nawa ne na alfarma a kowane nuni, a faɗi lamba, abin da ya wuce haka su saya. Wa zai tsaya a ƙofa ya karɓi kuɗi? Naku ɗaya nasu ɗaya, tikiti mai lamba mai ɓari biyu, a ƙirga a daren a sa hannu, kar a bari sai gobe. Tiransifa asusun wa za ta shiga, kuma ba a shiga da hoton rasit sai an ga alat. Idan jawabai suka ci awa biyu, kuma za su ci, wa zai biya man wannan lokacin? Idan janareta ya tsaya aka mayar wa mutane kuɗinsu, asarar ta wa ce? Gugguru da zoɓo da ruwan sanyi kuwa kar ka sake ka bar wa kowa, sau da yawa nan ne 'yar ribarka take, musamman a nunin rana da ake haska gajerun fina-finai zaure fayau.

Sai abu ɗaya da zan sassauta. Idan sabon buɗewa ne kai, ba wanda ya san wajenka, kana iya karɓar ƙasa da abin da ya kamata a karon farko, don mutanen da za su tako su san hanya su ma riba ce, wasu za su dawo da iyalinsu bayan biki. Amma ka san da gangan ka yi, ka san iyakar abin da za ka iya ɗauka, kuma mai dai a biya shi. Sannan a rubuta. Dan Allah a rubuta, ko da amininka ne, ko da maigidanka ne a harkar. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, to mu su wa da za mu ce ai mun yarda da juna?

Ƙarfe nawa ya kamata a fara?

Duba lokacin sallah ka gina jadawalinka a kai. Bayan la'asar nuni ɗaya wanda zai ƙare kafin magariba, sai bayan isha. Fim ɗin da magariba za ta riske shi a tsakiya rabin zaure zai tashi, kuma da gaskiyarsu. A tanadi butoci da ruwa da tabarmi, ɓangaren mata daban.

Ina jin tsoron mutanen unguwa, za su ce na kawo gidan baɗala.

Kwantar da hankalinka ƙanena, tsoron nan kowa ya ji shi. Sunan da sinima ta yi a garin nan tsoho ne, tun zamanin su Rex da Palace da Plaza da Orion, filin Allah ba rufi, dare, hayaƙin taba, wajen da uba ba ya son a ce an ga ɗansa balle 'yarsa. Amma abubuwa sun motsa, da aka buɗe sinima a Ado Bayero Mall kowa ya ga magidanta suna zuwa da matansu da yaransu kallon fim ɗin Hausa, ba abin da ya faru. Je ka gaida mai unguwa da liman tun kafin ka manna fosta, ka gaya musu kwanakin da lokacin tashi, ka gayyace su su leƙo su gani da idonsu. A bar fitila mai ɗan haske a gefe, a ware layin iyalai, a tashi da wuri, lasifika kar ta hana maƙwabta barci, masu babura kar su tare ƙofar gidan mutane. In ka yi haka wallahi su ne za su tsaya maka ranar da wani ya zo da magana.

Wani yana ɗaukar fim ɗin da waya, in ƙyale shi?

Haba malam. Fim ɗin da ko fitowa bai yi ba, mai shi ya ba ka amana, gobe a gan shi a TikTok ko a shagon masu tura fim a waya, ka ce me? A sanar kafin a fara, a tsayar da mutum ɗaya a baya, hasken waya ba ya ɓuya a duhu. A yi masa magana cikin mutunci ya goge, in ya ƙi a mayar masa da kuɗinsa ya fita. Kai ma ka goge fayil ɗin daga laftop a gaban mai fim idan an gama, kuma yaron da ke kula da majigi ya san filasharsa ba ta shiga wannan na'urar.

Fim ɗin ba da Hausa ba ne, mutane za su zauna?

Wasu za su zauna. Bikin irin KILAF dama don fina-finan harsunan Afirka aka yi shi, za ka ga na Yarbanci, na Fulatanci, na wasu ƙasashen ma, fassarar ƙasan allo kuma da Turanci ko Faransanci. Samu wanda ya kalla ya tsaya minti biyu ya ba da kan labarin da Hausa kafin a kashe fitila, kuma kujerun gaba kar kawunan mutane su rufe rubutun. Ɗaliban jami'a masu karantar harkar fim su ne 'yan kallon irin waɗannan, a rage musu kuɗi.

Inbata da sola za su iya riƙe zauren?

Majigi da laftop da sauti, eh, kuma ya kamata su kasance a kai don kar fim ya mutu lokacin canja wuta. Esi kuwa sai in kana da kuɗin batura masu yawa.

Yaya, ba za a samu tikitin kyauta ba? Ni ne fa.

Na san kai ne. Kujerun alfarma suna hannun masu shirya biki, su za ka tambaya. A wajena sai dai ka saya, akwai POS a ƙofa.